Daga Laraba ake gane Juma'ar masani? Lambobin yabon matasa a binciken maiƙo, kumburi da kansa

A watan Disamba na 1982 mutum uku suka karɓi lambar Nobel ta likitanci a birnin Istokholm: Sune Bergström da Bengt Samuelsson 'yan Suwidin, da John Vane ɗan Ingila. An ba su ne kan binciken wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa daga maiƙo, masu suna furostagilandin. Ƙa'idar Nobel ba ta yarda a raba lamba ɗaya ga fiye da mutum uku ba, don haka a nan aka ja layi. Amma duk wanda ya buɗe takardun binciken zai tarar da wasu sunaye a gaban na waɗannan manya. Akwai Priscilla Piper, wadda ita da Vane suka fara hango wani sinadari mai sa jijiyar jini ta tsuke a 1969. Akwai Mats Hamberg, wanda sunansa ne a farkon takardar da ta bayyana turomboksen, sinadari mai sa jini daskarewa, a 1975. Akwai Salvador Moncada, haifaffen Honduras, wanda ya iso Landan a 1971 yana ɗalibi, kuma shekara biyar bayan haka, yana da shekara 31, ya ja ragamar aikin da ya gano furostasaikilin, sinadari mai hana jini daskarewa.

Ba ina cewa an yi zalunci ba ne. Mutanen nan uku sun ci guminsu. Abin da nake nunawa shi ne siffar sana'ar: hannun yara ke riƙe kwalabar gwaji, sunan maigida ke fita. Bahaushe zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko da yake a nan gardin ma ya sha nasa bugun lokacin da yake kura. Daga wannan giɓin ne lambobin yabon matasa suka samo dalilin kasancewarsu.

Kafin a shiga batun lambobin, ya kamata a san me ya haɗa maiƙo da kumburi da kansa har suka zama fanni ɗaya mai taronsa da gidauniyarsa.

Yawancinmu in an ce kitse, teɓa muke tunawa. Amma katangar kowace ƙwayar halitta a jikin mutum da maiƙo aka gina ta, kuma a cikin katangar akwai wani nau'in maiƙo mai ƙwayoyin kabon 20 da ake kira arakidonik. Sunan ya samo asali ne daga sunan gyaɗa a Latinanci, duk da cewa man gyaɗa ba shi ne tushensa ba, wani ɗan'uwansa ne ke cikin gyaɗar. Idan mutum ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi, sai wani enzayim, wato sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen sarrafa wasu sinadarai, ya yanko wannan maiƙo daga katangar, wani enzayim ɗin mai suna COX ya karɓa ya mayar da shi furostagilandin. Su ne ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini wurin ya yi ja ya ɗau zafi, su ke ƙara wa jijiyar ji kaifi har taɓawa ta zama azaba, su ke kunna zazzaɓi a ƙwaƙwalwa. Kumburi ke nan. Ba cuta ba ne a karan kansa, gangami ne da jiki ke yi don tunkarar ɓarna.

Kamfanin Bayer ya fara sayar da asfirin a 1899, kuma sama da shekara 70 duniya na haɗiyarsa ba tare da an san yadda yake aiki ba. Vane ne ya warware wannan a 1971, da kayan aikin da matashin yau zai yi wa dariya. Yakan yanko siraran tsoka daga tumbin ɓera, da hanjin ɗan tsako, da jijiyar zomo, ya rataye su ɗaya a saman ɗaya, ruwan gwaji na gangarowa a kansu kamar ruwan indararo. Kowace tsoka an ɗaure ta da wani ɗan hannu mai zana layi a takarda. In akwai furostagilandin a ruwan, tsokar ta tsuke, layin ya yi sama. Ya niƙa huhun wata 'yar dabbar gwaji, ya zuba arakidonik, layi ya tashi. Ya ƙara asfirin, layi ya kwanta. A fitowa ɗaya ta mujallar da ta buga wannan sakamako akwai wata takardar daga gidan, mai ɗauke da sunan Sérgio Ferreira ɗan Burazil da na sabon ɗalibin nan Moncada.

Alaƙa da kansa kuwa ta girmi wannan duka. Tun 1863 Bajamushen nan Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini jibge a cikin ƙarin kansa, ya yi zaton cutar na tsirowa ne a inda kumburi ya daɗe. A 1986 Harold Dvorak na Harvard ya siffanta ƙarin kansa da gyambon da ya ƙi warkewa. Misalan ba su da nisa da mu: ciwon hanta nau'in B da ya zauna a jiki shekara da shekaru yana iya ƙarewa da kansar hanta, tsargiya kuma tana iya kai wa ga kansar mafitsara, saboda ƙwayayen tsutsar da ke maƙale a bangon mafitsara suna hana wurin hutawa. A 1991 aka gano COX kashi biyu ne, kuma na biyun, COX-2, shi ne ke tashi idan kumburi ya kunnu. A 1994 ayarin Raymond DuBois a jami'ar Vanderbilt suka nuna cewa COX-2 ya yi yawa a mafi yawan kansar babban hanji. Furostagilandin ɗin da yake samarwa na taimaka wa ƙari ya girma, ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, ya kuma sanyaya gwiwar sojojin garkuwar jiki da suka zo yaƙarsa.

Masu aiki a wannan mahaɗa suna da babban taronsu na duniya, wanda aka fara a Detroit a 1989, na biyu a Balin a 1991. Cikin waɗanda suka assasa shi akwai Kenneth Honn da Lawrence Marnett da Santosh Nigam, kuma gidauniyar Eicosanoid Research Foundation ce ke ɗaukar nauyinsa. A taron ana karrama dattawan fannin, ana kuma ware lambobi don matasa, har da wadda aka sa wa sunan marigayi Nigam. Ƙungiyar ASBMB ta masana sinadaran jiki a Amurka ita ma tana da lambar Walter A. Shaw, sunan mutumin da ya kafa kamfanin Avanti mai sayar da tataccen maiƙon gwaji a jihar Alabama. Ana ba da ita ga masu binciken maiƙo da ba su daɗe da kammala digirin digirgir ba. Kuɗin irin waɗannan lambobi bai wuce 'yan dubban daloli ba. Ba zai biya albashin ma'aikaci ɗaya na wata uku ba, balle na'ura.

To me ake nema a ciki? Mumbari. Wanda ya ci lambar ana ba shi lokaci ya tsaya gaban dattawan fannin ya yi lacca da sunansa shi kaɗai. A al'adar wallafa binciken kimiyyar rayuwa, sunan farko a takarda na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na mai ɗakin gwaji, amma a baki ana cewa ne aikin gidan wane. Ranar da matashi ya hau mumbarin nan ita ce ranar da ake raba sunansa da na gidan. Ya fi kama da sallamar yaron shago a kasuwa: jarin da maigida ya damƙa masa ba lallai ya taka kara ya karya ba, amma tsayawar da ya yi gaban 'yan kasuwa ya ce yaron nan ya isa, ita ce ke sa a fara ba shi kaya bashi. Layi ɗaya a takardar tarihin aiki yana bin mutum zuwa gaban kwamitin ɗaukar aiki, da na ƙarin girma, da na rabon tallafi, inda ainihin kuɗin yake.

Ita kanta kalmar matashi a nan tana da ban dariya. A Amurka hukumar NIH ce babbar mai ba da tallafin binciken lafiya, kuma tallafinta da ake kira R01 shi ne shaidar mutum ya tsaya da ƙafarsa. A 1980 masu digirin digirgir na samun na farko suna kimanin shekara 36. Yanzu matsakaicin ya haura 42. Hukumar na ɗaukar mutum a matsayin sabon shiga muddin bai wuce shekara 10 da gama digirinsa ba kuma bai taɓa samun babban tallafinta ba. A Turai hukumar ERC na ba sababbin shugabannin bincike har Yuro miliyan 1.5 na shekara biyar. Wato matashin da ake magana mutum ne mai furfura a gemu ko uwar 'ya'ya uku, wanda ya shafe shekara goma sha yana aiki a ƙarƙashin wasu da kwantiragin shekara biyu-biyu. Agogon cancanta ma ya daɗe yana cutar mata, domin shekarun haihuwa da na kafa suna iri ɗaya ne. Shi ya sa ERC ke ƙara wa mace wata 18 kan kowane ɗa, NIH kuma shekara ɗaya.

Fannin maiƙo ya fi wasu tsananta wannan dogaro da gidan maigida, kuma dalilin na cikin yanayin abin da ake aunawa. Ƙwayar gado ta DNA tana da haƙuri, ana iya ajiye ta a kwafe ta sau miliyan. Waɗannan sinadarai ba su da wannan hali. Turomboksen rabinsa ke ɓacewa cikin kimanin daƙiƙa 30. Sauran kuwa iska kaɗai na iya lalata su, ko ta ƙirƙiri wasu na bogi a cikin kwalaba. Mai aikin yana ɗibar jini ya tsoma cikin ƙanƙara nan take, ya busar da ruwan tatar da iskar naitirojin don kada iskar shaƙa ta taɓa shi, ya adana a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, sannan ya jira layinsa a na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda kuɗinta ɗaruruwan dubban daloli ne. Abin da zai gani bayan duk wannan wani ɗan tsini ne a allon kwamfuta, kuma sai ya yanke hukunci ko sinadarin ne ko hayaniyar na'ura. Nau'o'in maiƙon da kundin LIPID MAPS ya tattara tun kafa shi a 2003 sun haura 40,000, da yawansu nauyinsu ɗaya, bambancin kawai inda wata mahaɗa tsakanin ƙwayoyin sinadarin ta faɗa. Ba a koyon wannan daga littafi, sai an zauna kusa da wanda ya iya. Wanda ya bar gida kuma ya bar na'urar a baya.

Duk da haka daga hannun irin waɗannan mutane sabon abu ke fitowa. Charles Serhan yana zaman ƙarin gogewa a gidan Samuelsson a cibiyar Karolinska lokacin da aka gano lifoksin, wani sinadarin maiƙo mai lafar da kumburi, a 1984, kuma daga nan ya gina tunanin cewa lafawar kumburi aiki ne da jiki ke yi da wasu sinadaran maiƙo na daban, ba wai wuta ce ke mutuwa don itace ya ƙare ba. A 2012 Scott Dixon, a gidan Brent Stockwell na jami'ar Columbia, shi ne sunan farko a takardar da ta raɗa sunan ferotosis, wata irin mutuwar ƙwayar halitta da ke faruwa idan sinadarin ƙarfe ya sa maiƙon katangarta ya lalace kamar yadda mai ke yin ɗoyi. Yau ana neman hanyar tura ƙwayoyin kansa masu taurin kai cikin wannan rami. A 2017 Gloria Pascual a Basalona ta nuna cewa ƙwayoyin kansar baki da ke yaɗuwa zuwa wasu sassa suna da wata ƙofar shigar da maiƙo mai suna CD36, kuma maiƙon falmitik na ƙara musu ƙarfi. Falmitik shi ne mafi yawa a manja, amma kada kowa ya zubar da galan ɗinsa, a jikin ɓeraye aka yi gwajin.

Hujjar masu ba da lamba ita ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A nan ne nake da ja.

A 2018 wasu masana zamantakewa uku, Thijs Bol da Mathijs de Vaan da Arnout van de Rijt, suka duba tallafin da ƙasar Holan ke ba sababbin masu bincike. Dabararsu mai sauƙi ce: su kwatanta waɗanda suka tsallake layin cin nasara da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da makinsu kusan ɗaya ne. Cikin shekara takwas da suka biyo baya, waɗanda suka tsallake sun tara fiye da ninki biyu na kuɗin binciken da waɗancan suka samu. Ba a ga alamar cewa aikinsu ne ya fi kyau a tsakani ba. Wani ɓangare na tazarar ma ya zo ne daga waɗanda suka faɗi, domin da yawansu sun daina nema. Robert Merton ya riga ya siffanta wannan tun 1968: wanda ke da suna shi ake ƙara wa suna. Da kuɗi ake neman kuɗi, a kimiyya ma haka. Shekara ɗaya bayan binciken Holan, wasu masana a jami'ar Northwestern suka yi irin wannan kwatanci da masu neman R01. Waɗanda suka faɗi da ƙyar sun fi saurin ɓacewa daga fagen, amma waɗanda suka daure a cikinsu sun wallafa ayyuka masu tasiri fiye da waɗanda suka ci da ƙyar. Idan aka haɗa biyun, abin da ke fitowa bai yi wa kwamitoci daɗi ba. A kusa da layi, zaɓen bai fi ƙuri'a ba, kuma lambar da kanta ce ke gyara Juma'ar da ake cewa an hango.

Sannan wa ke kai sunan mutum gaban kwamiti? Yawancin lambobin sai an gabatar da kai, da wasiƙun shaida daga manya. Wasiƙar wanda kowa ya sani ta fi nauyi, kuma a fanni ƙarami kamar wannan 'yan kwamitin da masu rubuta wasiƙun sukan zama abokan karatu ko ɗaliban malami ɗaya. Za a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda Samuelsson ɗalibin Bergström ne, Serhan ya fito daga gidan Samuelsson. Sai dai kwamiti ba shi da hanya mai sauƙi ta rarrabe gudun ɗan da iskar uwar. Wanda ke bincike kan kansar hanta a inda cutar ta fi kisa, a yammacin Afirka ko gabashin Asiya, kafin a ga aikinsa sai ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya, ya samu biza da kuɗin jirgi, ya tsaya gefen allon da ya liƙa sakamakonsa yana jiran alƙalai su ba shi 'yan mintuna. Lambobin kuɗin tafiya da ake haɗawa da irin waɗannan taruka, waɗanda ba a cika yi musu tafi ba, a ganina sun fi manyan amfani.

Matsala mafi girma ita ce lokaci. A wannan fanni hukuncin gaskiya na zuwa ne bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da matashin ya riga ya zama shugaban sashe. Dubi COX-2. Bayan gano shi aka yi rige-rigen ƙera magungunan da za su toshe shi kaɗai, su bar COX-1 mai kare tumbi. Celebrex ya samu izini a ƙarshen 1998, Vioxx a 1999, kuma an sa rai za su hana kansar hanji. Gwajin da aka shirya don tabbatar da hakan, kan mutum kusan 2,600 masu tarihin tsiron hanji, shi ne ya tona asiri: masu shan Vioxx na dogon lokaci sun kusan ninka sauran a bugun zuciya da shanyewar jiki. Kamfanin Merck ya janye shi ranar 30 ga Satumba, 2004. Bayanin da ya fi karɓuwa ya koma kan sinadarai biyun can na shekarun 1970. Maganin na rage furostasaikilin mai hana jini daskarewa, ya bar turomboksen mai daskarar da shi yana cin karensa ba babbaka. Ayarin Garret FitzGerald a jami'ar Pennsylvania sun yi wannan gargaɗi tun 1999, lokacin da kasuwa ba ta son ji.

Asfirin ma bai ba da amsa ɗaya ba. Gwajin da John Burn ya jagoranta kan masu gadon larurar Lynch, wadda ke ƙara haɗarin kamuwa da kansar hanji, ya nuna milgiram 600 a kullum na rage musu kansar hanji, amma sai da aka bi su shekaru kafin amfanin ya bayyana, har aka buga sakamakon a 2011. A 2018 kuma gwajin ASPREE kan tsofaffi masu lafiya sama da 19,000 a Ostireliya da Amurka ya tarar da mace-macen kansa sun ɗan fi yawa a cikin masu shan milgiram 100. Sinadaran lafar da kumburi da suka biyo bayan lifoksin, irin su risolbin, waɗanda ɗimbin matasa suka gina aikinsu a kai, yanzu ana tafka muhawara a kansu. Tun 2022 wasu gungun masana auna maiƙo ke cewa adadin da ake ba da rahoto a jinin mutum ya yi ƙanƙantar da ba a iya bambanta shi da hayaniyar na'ura, masu kare sinadaran kuma suna mayar da martani da nasu ma'aunin. Matashin da ya ɓata shekara uku yana nuna cewa tsinin da ake gani a allo ba sinadari ba ne ya yi wa fannin babban aiki, amma irin wannan aiki ba shi ke kai mutum mumbari ba. Kwamiti na son wanda ya gano, ba wanda ya goge ba.

Ban ce a soke lambobin ba. Sana'ar da mutum ke kai shekara 40 yana amsa sunan yaron wane tana buƙatar ranar sallama, kuma wanda ya samu lambar kusan kullum ya cancanta. Abin da ba daidai ba shi ne a karanta jerin waɗanda suka ci kamar jerin waɗanda suka fi kowa. Kwamitin da ke son rage kuskurensa yana da abin yi: ya tambayi wane aiki ɗan takara ya yi wanda babu sunan maigidansa a ƙarshe, ya duba ko wani gida ya maimaita sakamakon ya samu daidai, ya bar mutum ya gabatar da kansa ba sai da wasiƙar babba ba, ya kuma rubuta wa na biyu da na uku cewa da ƙyar suka rasa, tunda binciken Holan ya nuna daina nema na cikin abin da ke kashe su.

Moncada, bayan furostasaikilin, ya koma kan wata tambayar daban. A 1987 ayarinsa suka nuna cewa abin da bangon jijiya ke saki don ta saki jiki wata iska ce mai suna naitirik okzayid. A 1998 aka ba da Nobel kan wannan iska ga Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad. Kujera uku ce a wannan karon ma, kuma babu sunansa, abin da masana da dama suka fito fili suka yi ƙorafi a kai.